Wufa mai wat 3000 ko ta hannu mai wat 400: yadda ake gwada sifikun mota kafin a biya kuɗi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da Toyota Corolla, ina so in sa mata wufa, wato babbar sifikar bes, a but, in kuma canza sifikun ƙofa. An nuna min guda biyu a kasuwa, duka inci 12. Ɗaya sabuwa ce fil a kwali, an rubuta wat 3000, maganaɗisunta ƙato. Ɗayar 'yar Beljiyam ce, an rubuta wat 400 RMS, amma ta fi tsada. Da mai shago ya jona su, sabuwar ta fi ƙara nesa ba kusa ba. Ta yaya zan gane wadda ta fi da gaske, kuma me zan duba a sifikun ƙofa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Gwajin da aka yi maka a shago bai gaya maka wadda ta fi ba. Iyakar abin da ya nuna shi ne wadda ta fi ƙara a wannan shagon, da wannan amfilifayar, a daidai inda mai shago ya bar maɓallin ƙara. Ba sai da mugun nufi ake yin haka ba, masu sayarwa da yawa ko kansu za su saya wa haka suke gwadawa. Matsalar a kunnenmu take. In aka kunna maka sauti iri ɗaya sau biyu, na biyun ya ɗara na farko da abin da bai taka kara ya karya ba, ko da desibel 1 ne a ma'aunin ƙarar sauti, ba za ka ce ya fi ƙara ba. Cewa za ka yi ya fi daɗi, ya fi kauri, ya fi fita tas. Tun a 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson na ɗakin bincike na Bell a Amurka suka auna suka nuna cewa kunne ba ya kama bes sosai idan sauti yana ƙasa-ƙasa, amma da zarar an ɗaga ƙara sai bes ɗin ya cika kunne fiye da yadda sauran sautin ya ƙaru. Saboda haka duk wufar da aka ɗan fi ba wuta ita za ta ci gasa, ko da ba ita ce mai kyan ba.

Kuma wufa tana iya fin 'yar'uwarta ƙara ba tare da an taɓa maɓalli ba. Idan sabuwar om 2 ce, ta hannun kuma om 4 (om ma'aunin turjiyar sifika ga wuta ne), amfilifaya ɗaya a saiti ɗaya za ta tura wa mai om 2 wuta kusan ninki biyu. Ninki biyu na wat desibel 3 ne. Ka ga an yanke hukunci tun kafin a fara sauraro.

Mu fara sallamar wat 3000 ɗin nan, don ita ta fi ruɗa mutane. Sifika ba ta samar da wat, karɓa take yi. Lambar da ke jikinta tana nufin wutar da za ta iya jurewa kafin kwayil, wato naɗin wayar da ke cikinta, ya ƙone, ba ƙarar da za ta yi ba. RMS shi ne abin da za ta ɗauka a kai a kai na tsawon lokaci, shi ake kallo. In ka ga "Max" ko "Peak" ko "PMPO" a kwali da manyan baƙaƙe, ado ne. Yi lissafin da kanka: mota idan inji yana aiki tana ba da bolt 14.4 ko ƙasa da haka kaɗan. Wat 3000 a raba da 14.4 ya zama amfiya 208, ko da amfilifaya ba ta asarar komai a zafi, alhali tana yi. Altaneton ƙananan motoci irin taka yawanci tsakanin amfiya 70 zuwa 100 yake bayarwa, kuma daga ciki fitilu da na'urar sanyi da fankar lagireto da famfon mai duk suke ci. Ko da wufar tana iya shanye wat 3000 da gaske, motarka ba ta da inda za ta samo mata.

Haka za ka yi wa amfilifaya idan ka zo sayenta: duba fiyus ɗin da ke jikinta. Mai fiyus biyu na amfiya 25 tana jan wat 720 ne a ƙiyasi, 50 sau 14.4. Amfilifaya aji-aji ce gwargwadon yadda aka ƙera ta: in ajin D ce, kusan kashi 80 cikin 100 na wannan zai isa sifika. In ajin AB ce, rabi da ɗan ɗori. Akwai ma'aunin Amurka da ake kira CEA-2006, daga baya aka mayar da shi CTA-2006, wanda ya ce a auna amfilifayar mota a bolt 14.4, om 4, gurɓacewar sauti kada ta wuce kashi 1 cikin 100. Kamfanin da ya buga lambobinsa a kan wannan ma'auni ya fi wanda bai buga ba, sai dai ka sani mai buga kwalin jabu ba ya jin nauyin buga tambarin ma.

Shi kuwa maganaɗisu, zare robar da aka lulluɓe shi da ita ka gani da idonka, don wani lokaci robar ce ƙatuwa. Ko da ƙaton ne da gaske, abin da ke aiki shi ne ƙarfin da ya taru a siririn ramin da kwayil ke kai da kawo a ciki, ba nauyin da ka ji a hannu ba. Maganaɗisun neodimiyam ɗan ƙarami yana yin aikin da baƙin nan na yau da kullum mai ninkinsa nauyi yake yi.

To, yanzu abin da za ka yi a shagon da hannunka. Tafi da mita irin ta masu rewaya, da batirin rimot mai bolt 1.5, da wayarka bayan ka sauke manhajar da ke fitar da tsagwaron sauti a lambar Hz ɗin da ka zaɓa (Hz yawan kaɗawar sauti ne a daƙiƙa ɗaya, ƙananan lambobi su ne bes), kyauta ake samunsu. Mai kayan hannu da ya hana ka aunawa, yi masa sai an jima.

Fara da hanci. Kifa wufar ka sunsuna ramin da ke tsakiyar maganaɗisu ta baya, da wajen yadin nan mai ruwan ɗorawa mai lanƙwasa-lanƙwasa da ke ƙarƙashin faifai, wato mazurarin gaba da ke motsi yana tura iska. Kwayil ɗin da ya taɓa dahuwa warin ƙonannen gam ba ya barinsa, ko an goge an fesa turare. Daga nan ka juya ta, ka buɗe yatsunka ka ɗora su kewaye da murfin tsakiya, ba a kan murfin ba, ka danna a hankali da ƙarfi daidai wa daida ta kowane gefe. Lafiyayya za ta shiga ta dawo shiru. In ka ji ƙarat-ƙarat, kwayil yana gogar ƙarfe, ko ya kumbura da zafi ko ƙurar ƙarfe ta shiga ramin. Kula: in ta gefe ɗaya ka danna, ko sabuwa ce za ta goga, sai ka zargi kayan mutum a banza. Duba bakin faifai inda ya haɗu da ƙarfe. In soso ne, ja farce a kansa kaɗan, wanda ya tsufa zai fara marmashewa. A but ɗin motar da ke kwana a rana a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, lokacin da zafin waje kansa ya haura digiri 40, soso ba ya daɗewa. Ni dai mai bakin roba nake zaɓa wa mutanenmu. Duba kuma siraran wayoyin nan biyu masu saƙa da suka tashi daga wurin jona waya zuwa faifai, kada su kasance sun yi baƙi ko sun fara tsinkewa.

Sai ka nemi alamar naɗi. Gam da ya malalo a gefen murfin tsakiya, murfin da bai zauna a tsakiya daidai ba, launin faifai da ya bambanta da na murfi, duk suna nuna an taɓa buɗe ta an sake naɗa kwayil. Ba na raina masu naɗi, akwai masu hannu a cikinsu, kuma sun ceci sifikun masallatai da na masu kiɗan biki ba adadi. Amma wufar da aka sake wa kwayil da wata waya daban ba ita ce wadda kamfani ya buga wa lambobi ba, don haka bai kamata a saye ta a kuɗin ta asali ba.

Sa mita a ma'aunin om mafi ƙanƙanta. Haɗa bakin wayoyin mitar biyu tukuna ka ga abin da suka nuna su kaɗai, sau da yawa 0.2 zuwa 0.5, sai ka riƙa cire shi daga abin da ka karanta. Ajiye wufar inda iskar fanka ba ta kaɗa faifai, don ko ɗan motsi yana sa lamba ta yi ta rawa. Mai om 4 lafiyayya tana nuna wajen 3.2 zuwa 3.6, ba 4 cif ba, haka abin yake. In ta nuna 1 da wani abu alhali an rubuta 4, wayoyin kwayil sun narke sun haɗe. In mita ba ta motsa ba, ya tsinke. Mai kwayil biyu ka auna kowanne daban, ya kamata su zo kusan ɗaya. A nan ne kuma za ka gane ko sabuwar nan da ta burge ka om 2 ce. Batirin rimot aikinsa kaɗan ne: taɓa kansa a jar tashar jona waya, gindinsa a baƙar, faifai ya yi tsalle waje da ɗan sautin "ɗuf" mai tsabta. In ciki ya shige, an juya alamar tashoshin, sai ka kiyaye lokacin jonawa. Kada ka yi wa tiwita, wato ƙaramar sifikar siririn sauti, wannan gwajin.

Na ƙarshe a shago, a jona ta a amfilifaya ba akwati, ka riƙe ta a tsaye, ka sa sautin Hz 25 daga wayarka, ka ɗaga ƙara sannu a hankali har faifai ya fara kai da kawo sosai. Kusan ba za ka ji bes ba, kuma abin da ake so kenan, don duk wani ƙwas-ƙwas ko fito na iska ko waya mai dukan faifai zai fito fili. Wufa mai kyau tana motsi da yawa ba hayaniya. Kada ka zarce da ƙara, babu akwatin da zai riƙe ta.

Dalilin da ba ka jin bes a nan shi ne dalilin da ba a yanke hukunci kan wufar da ke kwance a tebur. Idan faifai ya tura iska ta gaba, ta baya janyewa yake yi. Igiyar sautin Hz 40 tsawonta ya kai mita 8.6, faifai kuwa inci 12 ne kacal, sai iskar gaba ta zagayo ta cike gurbin baya, su kashe juna. Fatar ganga ce ba a ɗaura ta a kan icce ba: ko wace irin fata ce, ba za ka san amonta ba. Akwati rabin wufa ne, kuma kowace wufa da girman akwatin da ya dace da ita. Shi ya sa zura wufa biyu a akwati ɗaya na shago, ɗaya bayan ɗaya, shi ma ba adalci ba ne, yana iya dacewa da ɗaya ya shaƙe ɗayar.

Yadda ake sanin akwatin da ya dace ya samo asali daga aikin mutum biyu: Neville Thiele, injiniya ɗan Ostareliya da ya wallafa lissafinsa a 1961, da Richard Small, Ba'amurke da ya faɗaɗa shi a Jami'ar Sydney a farkon shekarun 1970. Har yau lambobin da sunansu ake kiransu. Kamfanin kirki yana buga su a takardar cikin kwali ko a shafinsa na intanet. Ɗauki lambar samfurin ta hannun ka bincika a waya tun kana tsaye a shagon. Ka yi wa sabuwar ma haka. In ba ka samu komai a kanta ba sai wat 3000, wannan ma amsa ce.

Ba duka lambobin za ka haddace ba. Fs ita ce lambar Hz da faifai ya fi son kaɗawa da kansa, ta wufar mota yawanci tsakanin 25 zuwa 40. Qts tana nuna yadda maganaɗisu da yadin ƙasa ke riƙe faifai kada ya yi ta lilo bayan an buga. Vas kuma laushin motsin faifan ne aka auna da litar iska. Ga yadda suke aiki tare. A ce wufa tana da Fs 30, Qts 0.45, Vas lita 50. In ka sa ta a rufaffen akwati mai lita 35, Q ɗinta, wato ma'aunin lilon nan idan tana cikin akwati, ya hau zuwa kusan 0.7, wanda shi ne ake nema don bes mai santsi, kuma wurin kaɗawarta ya koma wajen Hz 47. Ɗauki wannan wufar dai ka cusa ta a akwati mai lita 15 don kada ta cinye but: Q ya haura 0.9, wurin kaɗawa ya koma Hz 62. Yanzu za ta riƙa dukan ƙirji a wuri ɗaya, dum-dum-dum, kowace waƙa bes iri ɗaya, na can ƙasa kuwa ya tafi. Wanda ya ji ta na minti biyu zai ce ta fi ƙarfi. Wanda ya yi tafiyar Kano zuwa Kaduna da ita zai sauka da ciwon kai. Ina zargin irin wannan dukan ƙirjin ne ya burge ka a shago, don wufa mai arha mai raunin maganaɗisu da taurin faifai haka take yi ko a wane akwati. Akwai wata ƙa'ida da ake jingina wa Anton Hofmann, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin KLH: ƙaramin akwati, bes mai zurfi, da ƙara mai yawa da wuta kaɗan, biyu kawai za ka samu cikin ukun.

Lambar da na fi dubawa a wufa ita ce Xmax, wato nisan da kwayil zai iya tafiya ba tare da ya fita daga ƙarfin maganaɗisu ba. Bes tura iska ne, kuma iskar da wufa ke turawa faɗin faifai ne sau wannan nisan. Inci 12 faɗin faifanta wajen santimita murabba'i 500 ne, inci 10 wajen 340. Inci 12 mai Xmax milimita 6 za ta tura santimita kubik 300, inci 10 mai milimita 14 za ta tura 476. Ƙaramar ta doke babbar. Kuma duk lokacin da sauti ya sauka da rabi, daga Hz 60 zuwa 30 misali, sai faifai ya yi tafiya ninki huɗu kafin ya ba da ƙara iri ɗaya. Ka lura ko Xmax ɗin da aka rubuta na tafiya gefe ɗaya ne ko na gaba da baya a haɗe, don wasu suna haɗawa lambar ta ninka.

Akwai irin wannan wayon a lambar ƙara, wadda ake rubutawa kamar 88 dB, wato desibel 88. Wasu da wat 1 suke aunawa a nisan mita ɗaya, wasu da bolt 2.83. A sifika mai om 8 duk ɗaya ne. A mai om 4 bolt 2.83 wat 2 ne, an samu kyautar desibel 3. A mai om 2 wat 4 ne, kyautar desibel 6. Kafin ka kwatanta lambobi biyu ka tabbata da ma'auni ɗaya aka auna su.

Rufaffen akwati ko mai bututun iska? A Corolla, ga mai sauraron waƙa da wa'azi da labarai, rufaffe nake ba da shawara. Ƙarami ne, yana yafe kuskuren kafinta, kuma mota da kanta tana taimaka masa: ɗaki ne ƙarami a rufe, yana ƙara wa bes ƙarfi daga wajen Hz 70 zuwa ƙasa, kusan daidai da yadda rufaffen akwati ke raguwa. Mai bututu ya fi ƙara a kusa da inda aka saita bututun, amma ƙasa da nan faifai yana sakin jiki gaba ɗaya, dole a sa matatar da ke yanke sautin can ƙasa a amfilifaya, in ba haka ba wata rana za a ji ƙwas. In ka samu akwati mai bututu ba ka san inda aka saita shi ba, ɗora yatsa a hankali a bakin faifai, ka riƙa sauke sauti daga Hz 60 zuwa 25 da ƙara kaɗan. Inda faifai ya kusan tsayawa cik amma iska na fita da ƙarfi daga bututu, nan ne. Rufaffe kuma ka danna faifai a hankali ka saki. In ya dawo sannu-sannu akwatin ya rufu, in ya dawo nan take yana yoyon iska.

Kwatance na gaskiya a cikin motarka ake yinsa, kowace wufa a akwatin da ya dace da ita, a wuri ɗaya a but, suna kallon gefe ɗaya, inji yana aiki, gilasai a rufe, kai kuma kana kujerar direba ba a tsaye bayan mota ba. Kashe duk wani ƙarin bes na rediyo da na amfilifaya. Saita matata ta yanke wufa a wajen Hz 80. Sannan ka daidaita ƙararsu: ajiye waya a wuri ɗaya a kan kujera da manhajar auna ƙara, ka sa shuu ɗin gwaji da manhajar sauti ke fitarwa, ka murɗa amfilifaya har su biyun su nuna lamba ɗaya. Makirufon waya ba ya jin bes na can ƙasa da kyau, saboda haka kada ka yarda da lambar a matsayin gaskiyar desibel, amma ta isa ta daidaita abu biyu. Yi amfani da gajeren yanki na waƙar da ka sani sarai, ka maimaita shi, don kunne ba ya riƙe ƙananan bambance-bambance sai na 'yan daƙiƙoƙi. Kuma a samu fayil mai kyau. Waƙar da aka tura daga waya zuwa waya har ta gaji, ko aka ƙure mata ƙara tun a situdiyo, za ta sa ka zargi sifika da laifin da ba nata ba.

In da hali, ka sa wani ya riƙa sauya wayar da ke jone da wufa ba tare da ka san wacce wufa ke aiki ba. Ba wasa ba ne. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive sun gwada wannan a kamfanin Harman, masu JBL: mutanen da suka saurari sifiku suna ganinsu sun ba da maki daban da wanda suka bayar da aka sa labule, manya masu ƙyalli suka samu ƙari, har a wurin ƙwararrun masu sauraro.

Abin da za ka saurara: shin kana bambance bugun bes ɗaya da na kusa da shi, ko duk sun zama gurnani ɗaya? Idan ganga ta buga, tana tsayawa ko tana jan jela? Sa tsagwaron Hz 40: wufa mai kyau za ta ba ka nauyi a jiki, marar kyau za ta ba ka wani sauti mai kaifi sama da wanda ka sa, alamar ta gaza tana ƙirƙiro nata. Kafin ka ɗora mata laifin kowace ƙara, sa wani ya dafe lambar mota da murfin but, sau tari su ne ke kakkarwa. Sannan ka bar kowacce ta yi aiki da ƙarfi na minti 20 ka sake aunawa. Jan ƙarfe yana ƙara turjiya da kusan kashi 0.39 cikin 100 a kowane digiri ɗaya na zafi. Kwayil da ya ƙara digiri 100 turjiyarsa ta hau da kusan kashi 40, ƙara kuma tana iya faɗuwa da kusan desibel 3. Ƙaramin kwayil marar hanyar shan iska nan yake tona kansa, ya fara da ƙarfinsa ya ƙare a raunane. Gwajin minti biyu a shago ba zai taɓa nuna wannan ba.

Ga wanda sana'arsa ce haɗa sauti, kayan awo sun yi sauƙi yanzu. Manhajar REW kyauta ce, da makirufon awo irin UMIK-1 na miniDSP za ta zana maka abin da ke faruwa a kujerar direba. DATS na Dayton Audio yana fitar da lambobin Thiele da Small na kowace sifika cikin ɗan lokaci, har wadda aka sake wa naɗi, WinISD kuma ya lissafa akwati. Kai mai sayen guda ɗaya ba ka buƙatar su.

Sifikun ƙofa lissafinsu daban ne, kuma a ganina su ya kamata ka fi kashe wa hankali, don murya daga nan take fitowa. In rediyon mota ne zai tuƙa su kai tsaye, ka sani "50W x 4" da ke goshinsa a aikace wajen wat 15 zuwa 22 ne kowace sifika. Saboda haka mai saurin amsawa kake nema, ba mai jure wuta ba. Sifika mai 91 dB za ta yi ƙarar da mai 88 dB sai da wuta ninki biyu za ta yi. Sau da yawa mutum ya cire na kamfani masu sauƙin faifai ya sa masu tsada masu nauyi, ya ji sauti ya ragu, ya ce an cuce shi, alhali amfilifaya suke jira. Auna zurfin ramin ƙofa da gilashi a sauke kafin ka saya, kada maganaɗisu ya tare gilas. Zaɓi faifan roba a kan na takarda, don ruwan damina yana bin gilas ya shiga cikin ƙofa. A zaunar da ita a kan zobe mai ƙarfi ba tare da rata ba, saboda iskar baya kada ta zagayo, matsalar nan dai ta wufar tebur.

A shago allon gwaji yana kallon fuskarka, a mota kuwa sifika tana wajen idon sawunka tana kallon ƙafar fasinja. Sifika mai inci 6.5 tana fara tattara sauti gaba kawai daga wajen Hz 2000 zuwa sama, daidai yankin da ke sa a gane baƙaƙen magana. Don haka ka matsa gefe ka saurara, kada ka tsaya gabanta. Wannan ne amfanin masu tiwita daban da ake ɗorawa sama kusa da gilas. Gwada su da muryar da ka sani, karatun alaramman da ka saba ji ko mai karanta labarai: "s" da "sh" da "ts" su fito ba tare da sun soki kunne ba, muryar kuma kada ta zama ta mai mura. Wadda ta fi walƙiya a minti na farko yawanci ita ce ke gajiyar da kunne. Bayan an ɗaura, mayar da sauti gefe ɗaya sannan ka dawo da shi tsakiya. In bes ya ragu a tsakiya, an juya wayar ɗaya daga ciki. Wufa ma haka: sa Hz 80, juya maɓallin 0 da 180 na amfilifaya, ka bar shi inda ya fi kauri a kujerar direba.

Duk wadda ka saya, abin da zai kashe ta shi ne maɓallin geyin da aka ƙure. Ba maɓallin ƙara ba ne, na daidaita amfilifaya da rediyo ne. Cire wayar wufa, sa mita a AC a bakin amfilifaya, kai rediyo kashi uku cikin huɗu, sa sautin Hz 50, wanda ko mita mai arha tana karanta shi daidai tunda shi ne na wutar gida. Wat 400 a om 4 bolt 40 ne, a om 2 kuma bolt 28.3, lissafin shi ne tushen wat sau om. Murɗa geyin har ka kai lambar, in dai amfilifayar tana da wannan ƙarfin da gaske, ka tsaya nan. In mai kwayil biyu ce masu om 4, haɗin gefe da gefe om 2 ne, haɗin jere om 8. Duba abin da amfilifayarka ke iya ɗauka. Wayar wuta ta zama jan ƙarfe zalla, ba alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe ba, kanƙare bakinta ka gani in fari ne a ciki, kuma fiyus ya zauna kusa da batir.

Game da biyun da aka nuna maka: in ta hannun ta wuce gwajin hanci da hannu da mita, ba alamar naɗi, kuma ka samu lambobinta a shafin kamfanin sun dace da abin da ke gabanka, ita zan ɗauka, in sa kafinta ya yi mata rufaffen akwati na katakon MDF mai kaurin milimita 18 a girman da kamfanin ya faɗa, da amfilifaya ajin D mai wat 300 zuwa 400 na gaskiya. Wannan zai ja wajen amfiya 35 a ƙurewarsa, abin da altaneton Corolla zai iya ɗauka. In ta faɗi gwaji ɗaya daga ciki, kada hakan ya tura ka ga mai wat 3000. Bar su duka, ka nemi sabuwar inci 10 ta kamfanin da ke buga lambobinsa, ka roƙi mai shago ya yarda a gwada ta a cikin motarka kafin ka cika kuɗi.